Asalin Kalma: Ci-rani

Kalmomi biyu aka haɗa, "ci" da "rani". Wannan "ci" irin na cin kasuwa ne da cin sarauta, wato mutum ya shafe ranin a wani gari. Da an kai amfani gida, sai magidanci ya nufi Kano, Ikko ko Kumasi, ya yi ga-ruwa, dako ko yankan farce. Riba biyu ce: ya samo kuɗi, rumbu kuma ya huta da baki ɗaya. A wasu sassan Nijar "biɗa" ake cewa.

Alƙawari ne a cikin sunan, domin rani yana da iyaka. Matar da aka bari ta san da hadari ya fara haɗuwa maigida na hanya, da turmin atamfa a jaka.

Yanzu har wanda ya bi ta Agadas zuwa Libiya, ya shekara uku, ɗan ci-rani ake ce masa. Kuɗi kan shigo ta waya jifa-jifa, amma matarsa ce ke noma, ita ke jinyar yara, ita ke sallamar masu bin bashi. Wanda ya ci damina uku a waje, a ganina, ya wuce ɗan ci-rani, ƙaura ya yi.