Yadda Masu Manɗiƙi Suka Gyara Hasashen Artin

A shekarar 1897 Bajamushe Kurt Hensel ya fito da sabuwar hanyar auna kusancin lambobi. Za ka zaɓi lamba guda wadda ba ta rabuwa sai da 1 da ita kanta, a kira ta p, sannan ka ce lambobi biyu na kusa da juna idan p ta raba tazararsu sau da yawa. In p ita ce 5, to 1 da 126 maƙwabta ne, domin tazararsu 125 ce, wato 5 sau 5 sau 5, alhali 1 da 2 sun yi hannun riga. A wannan duniyar har akwai lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da −1: 7 sau 7 ya gaza 50 da ɗaya, 57 sau 57 ya gaza 3250 da ɗaya, kuma 5 na raba 50 sau biyu, tana raba 3250 sau uku, ana ta matsawa kusa. Ɗalibin Hensel, Helmut Hasse, ya nuna amfanin waɗannan lambobi a Marburg tun 1921, amma a ganina babban sauyi ya zo ne daga baƙi, wato masana manɗiƙi.

Emil Artin ya yi hasashen cewa duk lissafin daidaito da sassansa ke da daraja ɗaya, d, yana da amsa wadda ba sifiri zalla ba a lambobin Hensel, muddin yawan lambobin da ake nema ya haura d sau d. An tabbatar da haka a daraja 2 da 3, sai abu ya cije. Serge Lang kuwa ya tabbatar da hasashen a 1952 a wani tsari mai kama da na Hensel, inda ake tarawa ba a ɗaukar ragowa zuwa gaba. A 1965 James Ax da Simon Kochen a Amurka, da Yuri Ershov a Rasha shi kaɗai, suka nuna cewa duk jimlar da aka rubuta da ƙa'idar manɗiƙi, hukuncinta ɗaya ne a tsarukan biyu, in ban da wasu p ƙididdigaggu. Da haka hujjar Lang ta tsallaka zuwa lambobin Hensel, amma da sharaɗi: a kowace daraja ana iya samun 'yan p da suka saɓa. Shekara guda bayan haka Guy Terjanian ya kawo misali mai daraja 4 da lambobi 18 wanda ba shi da amsa sai sifiri zalla in p ita ce 2. Ashe sharaɗin nan shi ne ainihin gaskiyar lamarin, Artin ne ya wuce gona da iri.

Masu suka na cewa hujjar su Ax da Kochen ba ta faɗi waɗanne p ne suka saɓa ba, don haka rabin aiki ce. Sukar na da tushe, sai dai ba ta daɗe ba: a 1969 Paul Cohen ya ba da hanyar yanke hukunci mataki-mataki. Wasu kuma na cewa sa'a ce ta rana ɗaya. Tarihi bai goyi bayansu ba. A 1976 Angus Macintyre ya fayyace siffar duk rukunin da za a iya bayyanawa a lambobin Hensel, Jan Denef kuma ya hau kan wannan a 1984 ya warware wata tambaya ta ƙidayar amsoshi da Jean-Pierre Serre ya taso da ita. Masana lambobi da kansu sun yi shaida tun da wuri: a 1967 Ƙungiyar Lissafi ta Amurka ta ba Ax da Kochen lambar yabo ta Cole, wadda ake bayarwa a fannin nazarin lambobi.