Daga Kat-san-kat zuwa Hilux

Ku tambayi tsofaffin garinku wace mota suka fara shiga. Da yawa za su ce muku Peugeot 404, wadda muke kira kat-san-kat. An fara ƙera ta a Faransa a 1960. Daga 1975 kuma aka buɗe masana'antar Peugeot a Kaduna, motocin suka cika hanyoyinmu. Mai buɗaɗɗen baya ita ce ta kasuwa: buhunan gyaɗa a ƙasa, mutane a bisa, awaki a tsakiya.

Manyan kaya kuwa sai Berliet. A 1959 da 1960 kamiyoyin Berliet suka ratsa hamadar Tenere. Yau sunan ya ɓace, Renault ta haɗiye kamfanin.

Me ya sa tsofaffin direbobi ke begen motocin nan? Don cikinsu a fili yake. In kat-san-kat ta mutu a daji, direba ya buɗe gaba, ya kasa kunne. Ya kankare buji, ya hura bututun mai da bakinsa, fasinja su tura, sai ta tashi. Makanike na ƙauye ma ya san ta kamar jakinsa. Abin da ya karye, maƙeri na iya ɗinke shi.

Motar yanzu, irin su Toyota Hilux, tana da ƙaramar kwamfuta a ciki. Ita ke auna man da inji zai sha. Shi ya sa ba ta ɓarnar mai, kuma da safe sau ɗaya ake murza makulli. Birkinta ya fi kamawa. Tana da ɗamarar kujera da jakar iska mai tare ƙirjin direba in an yi karo. Wannan ba ƙaramin abu ba ne: tsohuwar mota ta ci rayuka da dama, masu yabonta kan manta da haka.

Amma ranar da kwamfutar ta ƙi, kunne ba ya taimako. Sai an kai motar Maraɗi, ko Damagaram, ko Yamai, wurin mai na'urar bincike. Man kwalba na bakin hanya, in da datti, yakan lalata mata inji. To, in ƙungiyar garinku za ta sayi motar kai marasa lafiya likita, ku fara tambaya: wa zai gyara ta, kuma kilomita nawa ne zuwa garejinsa?