Anar: Tarihi da Darajar Kundin Waƙoƙin da Mdou Moctar Ya Naɗa a Sakkwato

Gabatarwa

A shekarar 2008 wani saurayi Ba'abzine ɗan jihar Tawa, mai suna Mahamadu Sulaimanu, wanda duniya ta sani a yau da laƙabin Mdou Moctar, ya sauka Sakkwato, ya shiga ɗakin naɗar waƙa, ya fito da kundinsa na farko mai suna Anar. Babu kamfanin da ya buga kundin a wancan lokaci. Daga salula zuwa salula ya yi ta yawo har ya kai arewacin Mali. A yau idan masu sharhi na Turai da Amurka suna lissafa ayyukan wannan makaɗi na jita, sukan fara da Ilana na 2019, su bi da Afrique Victime na 2021 da Funeral for Justice na 2024, waɗanda suka ɗora shi a sahun manyan makaɗan rok na zamaninsa. Anar kuwa a gurguje ake ambatonsa, kamar rarrafen yaro kafin ya miƙe. Manufar wannan maƙala ita ce nuna cewa kundin ya fi ƙarfin wannan matsayi, domin a cikinsa ne waƙar Abzinawa da fasahar ɗakunan naɗar waƙa na Hausawa suka haɗu, a kan wata tsohuwar hanya da mutanen Ƙonni da Malbaza da Illela suka sani tun kaka da kakanni.

Hanyar da ta girmi kundin

Duk wanda ya taso daga Abalak ko Cintabaradan da nufin zuwa Sakkwato a mota, sananniyar hanyarsa ita ce ya biyo ta Tawa, ya ratsa Badagishiri a gundumar Illela, ya faɗo babban titin Yamai zuwa Maraɗi a Tsarnawa, ya shiga Birnin Ƙonni, ya ƙetare iyaka zuwa Illelar Najeriya. Daga nan bai cika kilomita 100 ba ya isa Birnin Shehu. Kwalta ce kawai sabuwa a wannan hanya. A 1674 Agabba, ɗan Sarkin Agadas Muhammadu Mubarak, ya karɓe Adar daga hannun Kabawa, zuriyarsa kuma ta riƙe sarautar Adar wadda daga baya mazauninta ya zama Illela, kamar yadda masanin tarihi Djibo Hamani ya yi bayani a bincikensa kan Adar kafin zuwan Turawa. Ayarin Abzinawa kan sauko da gishiri da dabino da dabbobi, su koma da gero da tufafi. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da kansa a Maratta aka haife shi a 1754, kusa da Galmi, kuma har Agadas ya bi malaminsa Jibrilu ɗan Umaru neman ilimi.

Yarjejeniyoyin Faransa da Ingila na 1898 da 1904 da 1906 ne suka tsaga wannan ƙasa, Ƙonni ta faɗa hannun Faransa, Sakkwato ta faɗa hannun Ingila. Duk da haka cuɗanyar ba ta yanke ba. Misali ɗaya ya isa: turkuɗin da Ba'abzine ke naɗawa, wanda baƙi ke ɗauka a matsayin babbar alamarsa, a marinar Hausawa ake rina shi, musamman a Kura ta ƙasar Kano. Wanda ya san wannan ba zai yi mamaki ba don mawaƙin Azawak ya kai waƙarsa Sakkwato a yi mata ado.

Kiɗa biyu da suka tashi dabam

Kiɗan jitar Abzinawa ɗan fari da gudun hijira ne. Bayan farin 1973 da na 1984, samari da yawa sun rasa dabbobinsu, suka nufi Aljeriya da Libiya neman aiki. Aka riƙa kiran su ishumar, daga kalmar Faransanci mai nufin marar aikin yi, sunan kuma ya bi kiɗan da suka ƙirƙiro. A Mali ƙungiyar Tinariwen ce ta yi fice. A Nijar kuwa Abdallah ag Oumbadougou ne da ƙungiyarsa Takrist n'Akal. Bayan abin da ya faru a Cintabaradan a watan Mayu na 1990, da tawayen da ya biyo baya har zuwa yarjejeniyar sulhu ta 24 ga Afrilu 1995, kaset ɗin waɗannan mawaƙa a ɓoye yake wucewa daga hannu zuwa hannu. Wasan Abdallah ne Mdou ya gani yana yaro, ya koma ya harhaɗa jitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke, ya koya wa kansa kiɗa da hannun hagu, ba da son iyayensa ba. A shekarar da ya naɗi Anar ma yaƙi ake yi a arewa, domin tawaye na biyu ya ɓarke a 2007, jihar Agadas tana cikin dokar ta-ɓaci, har makaɗi irin Bombino ya yi gudun hijira zuwa Burkina Faso.

A kudancin iyaka kuwa wani kiɗa ne dabam ke tashe. Tun daga fim ɗin Turmin Danya na 1990, finafinan Hausa na Kano suka bunƙasa, suka ɗauki rawa da waƙa daga finafinan Indiya, suka haifar da abin da ake kira waƙoƙin nanaye. Fiyano ɗaya ƙirar Yamaha ya maye gurbin makaɗa biyar ko shida, domin a cikinsa akwai ganga da sarewa da goge. Daga baya kwamfuta ta shigo da Auto-Tune, manhajar da wani kamfanin Amurka ya fitar a 1997 domin gyara muryar mawaƙin da ya kauce wa kari. Masu naɗar waƙa na Hausa suka mayar da ita kayan ado: suka matsa ta har murya ta riƙa karkarwa kamar ta ƙarfe. Wannan sauti ne ya cika kasuwar Ƙonni da tashoshin mota da shagunan kallon fim a shekarun 2000.

Abin da ke cikin Anar

Mai sauraron da ya san Mdou Moctar na yanzu, mai jitar lantarki da ke ruri kamar hadari, zai yi mamakin natsuwar Anar. Gangar na'ura ce ke riƙe da kari, jita tana tafiya a hankali da gajerun jimloli masu maimaituwa irin na mai gurmi, muryar kuma an lulluɓe ta da Auto-Tune daga farko har ƙarshe. Harshen Tamajak ne, amon waƙar na Azawak ne, rigar kuwa ta situdiyon Hausa ce. Darajar kundin ta fito ta fuskoki uku.

Ta farko ita ce murya. Waƙar Abzinawa tana son ja da lanƙwasa, mawaƙi ya zame daga wannan amo zuwa wancan. Auto-Tune ba ta yarda da zamewa; takan datse ta ta mayar da ita matakai, kamar mai busa algaita yana ɗaga yatsu da sauri. A waƙar nanaye mai gudu, wannan karkarwa takan wuce kafin kunne ya kama ta. A cikin Anar, inda karin yake a hankali, kowace lanƙwasa tana fitowa fili, sai muryar ta yi kama da ta mai son ya yi kuka yana dannewa. Abzinawa suna da kalmar asuf, wato kewa da begen abin da ya yi nisa, kuma da ita ma suke kiran kiɗan jitarsu. Abin mamaki shi ne na'urar da ake zargi da kashe rai a waƙa ita ce ta ƙara fito da wannan kewa.

Ta biyu ita ce tsarin waƙoƙin. Makaɗin da yatsunsa ke da sauri yana iya ɓoye raunin waƙa a bayan gwaninta. A nan babu wannan mafaka. Waƙoƙin Anar sun yi suna ne ta ɗan ƙaramin lasifikar salula, wadda ba ta fitar da amon ƙasa, ba ta kuma nuna kyan kayan kiɗa. Abin da ke tsira daga irin wannan lasifika shi ne karin da mutum zai iya riƙewa ya rera a kan babur ko a bakin rijiya. Waƙar Tahoultine ta ci wannan jarrabawa a wurin mutanen da ba su san sunan mai ita ba, da waɗanda ba su jin kalma ɗaya ta Tamajak.

Ta uku ita ce jigo. An san kiɗan ishumar da kiran haɗin kai da zancen ƙasa da gwagwarmaya. Anar ya fi karkata ga soyayya da bege, a daidai lokacin da ake harbe-harbe a tsaunukan Abzin. Ta haka ya nuna cewa jitar Abzinawa tana iya zama kiɗan samari da ƴanmata na birni, kamar yadda nanaye take ga tsararsu Hausawa, kuma ya buɗe wa mawaƙan da suka biyo baya wannan ƙofa.

Adalci ne a faɗi rauninsa. Sautin bai da kauri, gangar na'urar ba ta sauyawa sosai, wasu waƙoƙin kuma suna kama da juna. Aikin ƙaramin situdiyo ne da ƙaramin jari. Sai dai waɗannan alamu su ne hatimin wuri da lokacin da aka yi shi, kamar yadda ƙarar kaset take ga waƙoƙin Abdallah na farko.

Yadda kundin ya yi yawo

Wayar salula ta shigo Nijar da Najeriya a 2001. Zuwa 2008, shekarar da kamfanin Orange ya fara aiki a Nijar, wayoyi masu araha ƙirar Sin, masu ɗaukar katin ajiya da Bluetooth, sun fara yawaita. A kasuwanni aka sami masu tura waƙa: saurayi da kwamfuta a kan tebur, a ba shi ƴan kuɗi ya cika kati. Daga nan aboki ya tura wa aboki kyauta. Direbobi da ƴan ci-rani da makiyaya suka zama masu rarraba waƙa ba tare da sun sani ba. Amfanin wannan tsari shi ne babu mai iya hana waƙa tafiya; illarsa kuwa sunan mawaƙi kan faɗi a hanya, kuma ko dala ba ta komawa gare shi.

A haka wani Ba'amurke ɗan birnin Portland, Christopher Kirkley, wanda ya kafa Sahel Sounds, ya tsinci Tahoultine cikin waƙoƙin da ya kwafa daga wayoyin mutane a Kidal ta Mali. Ya sanya ta cikin tarin da ya fitar a 2011 mai suna Music from Saharan Cellphones, ya kuma yi ta cigiya har ya gano mai waƙar. Daga nan aka sami kundin Afelan a 2013, aka buga Anar kansa a faifan garmaho a 2014, shekara 6 bayan naɗarsa, sannan fim ɗin Akounak Tedalat Taha Tazoughai a 2015, wanda Mdou ya fito a matsayin jarumi. Ke nan ƙofar da ya bi ya shiga duniya, sautin Sakkwato ne ya buɗe ta.

Dalilan da suka sa aka raina shi

A waje, kasuwa ta riga ta zana hoton makaɗin Sahara: rawani, raƙumi, tawaye da jitar lantarki. Da Mdou ya fara yawon wasa aka shiga kwatanta shi da Jimi Hendrix. Gangar na'ura da muryar kwamfuta ba su dace da wannan hoto ba, kuma kaɗan ne daga masu sharhin suka san waƙar finafinan Kano balle su gane inda sautin ya samo asali.

A gida kuwa dalilan sun sha bamban. Dattijon da ya tashi da Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Ɗan Gurmu yana ganin kiɗan fiyano wasan yara ne. Masu kishin jitar ishumar suna ganin an gurɓata ta. Bahaushe ya ji kiɗan nasa ne amma harshen ba nasa ba. Ba'abzine ya ji harshen nasa ne amma kiɗan na maƙwabta ne. Har ila yau iyakar Turawa ta raba masu nazari: na Najeriya suna rubutu kan Kano da Ingilishi, na Nijar suna rubutu kan Agadas da Faransanci, abin da aka haifa a tsakani kuma ya rasa mai ɗaukarsa.

Kammalawa

Anar ya tsira ne domin wani baƙo ya ji shi, ya nemi mai shi, ya buga shi. Tambayar da ta shafi malamai da ƙungiyoyin al'adu ita ce ta sauran waƙoƙin da suka bi wannan hanya a shekarun nan, na Hausa da na Tamajak da na Fulatanci, waɗanda ba su yi irin wannan gamon katar ba. Kaset yakan shekara da shekaru a cikin akwati. Katin salula kuwa da ya lalace ko aka goge shi, magana ta ƙare. Cibiyar binciken ilimin ɗan Adam ta IRSH da cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya a Yamai sun adana kiɗan gargajiya mai yawa, amma tattara abin da ke cikin tsofaffin wayoyi aiki ne da sai a wurin da wayoyin suke. Gidajen matasa da al'adu na Ƙonni da Malbaza da Illela suna iya fara shi da kwamfuta ɗaya da littafin rajista: sunan waƙa, sunan mawaƙi, harshe, shekara, garin da aka naɗe ta, da yardar mai ita idan yana raye. Malamin Hausa ko na tarihi kuma yana iya kunna wa ɗalibansa Tahoultine tare da wata waƙar nanaye ta shekarar 2008, ya ce su ware abin da ya fito daga arewa da abin da ya fito daga kudu. Daga amsoshinsu zai sami mashigar darasin tarihin Adar, tun daga Agabba har zuwa shata iyaka.