DAGA KALANGUN 'YAN DAMBE ZUWA DALAR 'YAN MAKARANTA: WA ZAI CAFE YARON IN YA FAƊO?

Jama'a, yau rubutun zai ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri ku bi ni a sannu.

Kwanakin baya na je kallon intahaus a wata makaranta a nan yankinmu na Rijiyar Zaki, saboda ɗan ƙanwata yana cikin masu gudun mita 100. Ba zan kama sunan makarantar ba, don ba tonon silili na zo yi ba, kuma abin da na gani ba a can kaɗai ake yin sa ba. Bayan an gama maci, sai aka ce gida-gida za su nuna bajinta. Yara suka fito da ganguna da tutoci, wasu suka durƙusa, wasu suka hau bayansu, wasu kuma suka sake hawa, har hawa huɗu. Can ƙoli aka ɗora wani ɗan ƙaramin yaro da bai wuce shekara 10 ba, ya miƙe yana ɗaga tuta. Fili ya ɗauki sowa. Ni ma wallahi na tafa. Sai na ƙasa ɗaya ya gaji ya goce, dalar ta rushe, yaron ya faɗo da hannu a kan ƙasar da rani ya busar ta zama kamar daɓe. Babu katifa, babu wanda aka tsayar don ya tare shi, babu ko akwatin magani. A babur aka tafi da shi wurin mai ɗori. Ganga kuwa ba ta ko tsaya ba.

Da na tambayi yaran ina suka koyi wannan, sai suka ce a waya suka gani. Tun daga ranar nake ta juya abin a raina, shi ne na ce bari mu ɗan waiwayi tarihi, namu da na waɗanda muka kwaikwaya.

Da farko dai, zuga ɗan wasa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Mu sana'a ce ma guda. Tun kafin a san makarantar boko, idan kaka ta yi, an cire gero da dawa, gonaki sun zama fili, mahauta kan bi ƙauyuka suna dambe, matasan manoma kuma suna kokawa. Ba a taɓa yin wannan shiru ba. Ga mai kalangu, ga maroƙi, ga mata suna guɗa. Kowane ɗan dambe da takensa, da an kaɗa masa sai ka ga jikinsa na tsuma, ya fito yana kirari. Duk wanda ya san Shago, ai ta bakin Ɗan Anace ya san shi. Haka Kassu Zurmi ya yi da 'yan tauri da mafarauta. A Nijar, tun da aka fara gasar kokawa ta takobi a Tawa a 1975, ba a raba filin da makaɗa. Har gobe in ka shiga Ado Bayero Square a Sabon Gari ranar dambe, za ka tarar rabin wasan a hannun masu kiɗa yake.

To amma ga inda nake so mu lura. Su mutanen da suka ƙirƙiro zuga sun san zuga tana makantar da mutum, shi ya sa suka kewaye ta da shinge. Yaro ba ya tashi rana ɗaya ya ɗaure hannu da zare ya shiga fili. Sai ya zauna ƙarƙashin ubangida, ya yi masa hidima, ya ga yadda ake karewa kafin ya koyi yadda ake kai naushi. Shi ya sa har yanzu kake jin Shagon wane, Autan wane: sunan maigidan yana manne da yaron, in yaron ya ji kunya ko ya ji ciwo, maigidan za a tambaya. Turmi uku ake yi, in babu kisa a raba su. Kisan ma ba na rai ba ne: da hannunka ko gwiwarka ta taɓa ƙasa, magana ta ƙare, ba a bin ka da duka. Akwai mai rabawa a tsakiyar fili. Kokawa kuma a kan rairayi ake yin ta, ba a kan fako ba.

Kada wani ya ce ina wanke dambe. An fasa baki, an zubar da haƙora, an nakasa mutane. A da har akayau na ƙarfe ake ɗaurawa a ƙafa a kai shuri da shi. Amma daga baya aka ga ɓarnar aka yar da shi. Wato wasan yana koyo daga jininsa.

Ko 'yan matanmu ma, ku tuna wasan gaɗa a dandali da farin wata. Za su jeru suna tafi suna waƙa, ɗaya ta fito ta faɗo da baya, su cafe ta su cilla ta ta dira. Duk daɗin waƙar, idon kowa na kan mai faɗowa. Wadda ta saki hannu ta bar 'yar uwarta ta sha ƙasa, ranar sai ta gane kurenta. Ba su je kwas ba, amma sun san dokar farko: ba a barin mutum ya tashi sama sai an tanadi hannun da zai karɓe shi.

Sai Turawa suka zo da nasu tsarin. Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nassarawa a nan Kano a 1909, aka buɗe Kwalejin Katsina a 1921, wadda ta koma Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949, ita ce Barewa ta yau. A irin waɗannan makarantu aka shigo da kurket da ƙwallon ƙafa da guje-guje da wasan Fives, wanda ake buga ƙwallo a bango da tafin hannu. Sardauna Ahmadu Bello a Katsina ya koyi Fives, kuma bai daina bugawa ba har yana Firimiya. Raba ɗalibai gida-gida su yi gasa, wanda muke ce wa intahaus, daga makarantun kwana na Ingila aka kwaso shi. A wancan tsarin wasa darasi ne: yana da lokacinsa da yamma, yana da malaminsa, ana yin sa duk mako. Bayan yaƙin basasa gwamnatin Gowon ta ƙirƙiro gasar wasanni ta ƙasa a Legas a 1973 don haɗa kan matasa, makarantu kuwa su ne rumbun da jihohi ke ɗibar 'yan wasa.

Yau fa? Makarantu da yawa, musamman masu zaman kansu da ke cikin gidajen haya, ko filin da za a shanya tabarma ba su da shi. Mu nan mun ga yadda gonakin da muka yi langa a cikinsu suka koma fuloti. Yaro zai shekara bai yi gudun mita 50 ba, sai saura sati biyu intahaus a tattaro su a ce a yi atisaye. An ce ba a fafe gora ranar tafiya, mu kuwa har a kan hanya muke fafewa.

Yanzu mu leƙa inda yaranmu suka ga dalar. A Amurka sunan abin cheerleading, wato ƙungiyar 'yan zuga da ke tsayawa a bakin fili. Ana danganta farkonsa da ranar 2 ga Nuwamba 1898, lokacin da wani ɗalibi mai suna Johnny Campbell ya tsaya gaban 'yan kallo a Jami'ar Minnesota yana ba da baiti suna amsawa. Kun ga ai maroƙi ke nan, kalangu kawai ya rasa. Da fari aikin maza ne zalla, har George W. Bush ya yi shi yana sakandare. Mata sun fara shiga a wajajen 1923, da Yaƙin Duniya na Biyu ya kwashe samari sai suka mamaye fagen. A 1948 wani mai suna Lawrence Herkimer ya kafa ƙungiyar horar da su, abin ya zama sana'a mai sansanin koyo da kayan sawa. Daga ihu da tafi aka koma alkafura, aka koma ɗaga mutum a tafin hannu, aka koma cilla yarinya sama a cafe.

Nan ne kuma suka fara kwasar gawa da guragu. Wata cibiya a Jami'ar North Carolina da ke ƙirga munanan raunukan wasanni tun 1982 ta gano cewa, a tsawon shekaru sama da 20, kusan kashi biyu cikin uku na raunukan da ke kashewa ko nakasa 'yan matan sakandare masu wasa, daga wannan zugar suke fitowa. Ba daga ƙwallo ba, ba daga gudu ba. Dalili? Hukumomi ba su ɗauke shi wasa ba, sun ɗauke shi ado. Tunda ado ne, kowace malama ma za ta iya kula da shi, a kowane irin daɓe. A 2006 wata ɗalibar Jami'ar Southern Illinois ta faɗo daga dala ana tsakiyar wasan ƙwallon kwando, ta samu tsagewar ƙashi a wuya. Ana tura ta a gadon asibiti, an ɗaure mata kai, amma da makaɗa suka buga taken makarantarsu sai ta ci gaba da motsa hannu tana bin kiɗan. 'Yan kallo suka yi ta tafi, likitoci suka riƙe baki. Ka ga ƙarfin zuga ke nan, ko a Kano ko a Amurka.

Daga nan aka tsaurara doka. Aka hana doguwar dala da cilla mutum a kan daɓen da babu katifa. A sakandare dala ba ta wuce hawa biyu. Dole a tsayar da mai tarewa wanda ba ya rawa, ba ya kallon jama'a, aikinsa kawai kare kai da wuyan wanda ke sama. Mai horarwa sai da takardar shaida. A 2012 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta nemi a ɗauke shi cikakken wasa don ya samu kulawar da sauran wasanni ke samu, kuma a Yulin 2021 kwamitin Olamfik na duniya ya amince da ƙungiyarsu ta duniya. Munanan raunukan sun ragu ƙwarai. Abin da yaranmu ke gani a waya na daƙiƙa 30 ne. Watannin horo da katifu da mai tarewa, waya ba ta nuna su.

Mu ma fa mun biya namu kuɗin makarantar, sai dai kamar ba mu ɗauki darasin ba. Ranar 12 ga Agusta 1989, Samuel Okwaraji, matashin da ya haɗa ƙwallo da karatun lauya a birnin Rum, ya yanke jiki ya faɗi a filin wasa na Legas ana karawa da Angola, zuciyarsa ta tsaya yana ɗan shekara 25. Bayan shekara 30 da 'yan kai, a Maris 2020, Chineme Martins na Nasarawa United ya faɗi a Lafiya ana wasa da Katsina United, rahotanni suka ce motar asibitin da ke filin ƙin tashi ta yi. Na kusa da mu kuma, wanda har yanzu bai bar zukatan Kanawa ba: ranar 31 ga Mayu 2025, motar da ta ɗauko tawagar Kano daga gasar wasanni ta ƙasa a Ogun ta faɗa ƙarƙashin gada a hanyar Zariya zuwa Kano, sun kusa gida, muka rasa mutum sama da 20, mafi yawansu matasa. Allah Ya jiƙansu Ya ba iyayensu haƙuri. Mun yarda da ƙaddara, amma Annabi (SAW) ya koya mana a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali.

In wannan ne halin waɗanda ke wakiltar jiha da ƙasa, ina ga ɗan firamare? Ku dubi rayuwarsa. Ya yi makarantar allo da asuba, ya tafi boko wataƙila da ɗan koko a ciki, ya tsaya atisaye a ranar Maris da ke haura digiri 40, ya wuce Islamiyya, ya dawo ya ɗebo ruwa ko ya kai taki gona. Da silifa yake gudu, ko ƙafa ba takalmi. Ba wanda ya taɓa tambaya ko yana da sikila ko asma ko farfaɗiya. In ya ci, a ba shi bokiti da kofin roba, shugaban gida ya ɗauki hoto da kofin azurfa. In ya karye, na iyayensa ne.

Ni ban ce a daina ba. Wasa yana gina jiki, yana raba yaro da zaman banza da shaye-shaye, kuma wallahi ranar intahaus wasu yaran ita ce ranar da aka taɓa kiran sunansu a lasifika. Roƙona ga malamai da masu makarantu da mu iyaye kaɗan ne, kuma ba ya cin kuɗin da rumfa da kujerun manyan baƙi ke ci. Dala kar ta wuce hawa biyu, a kan rairayi ko katifu, da manya biyu a tsaye suna jiran mai faɗowa. A fara atisaye da wuri, da safe ko bayan la'asar, da ruwan sha a gefe. A tambayi iyaye lafiyar yaro kafin a rubuta sunansa. A gayyato ma'aikacin lafiya ko ɗaya daga asibitin unguwa, a ajiye mota da mai a cikinta. Yaron da ya bugu a kai, ko da ya miƙe ya ce lafiyarsa ƙalau, ya gama wasa ranar. In ya fara amai ko jiri ko magana ba kan gado, asibiti kai tsaye. Wanda ya faɗo ta wuya kuwa, kar a ɗaga shi a jijjiga, kar a saɓa shi a babur, a riƙe kansa yadda yake har masu sani su iso. Sannan a ba wa wani malami guda ikon ya ɗaga hannu ganga ta yi shiru, ko da shugaban ƙaramar hukuma ne ke tafi.

Yaron nan da na ba ku labari, na ji an ce hannun ya kama, amma da shi yake rubutu, kuma jarrabawar zangon ta wuce shi. Mahaifiyarsa ta ce ba zai sake shiga komai ba. Ban ga laifinta ba, sai dai mun yi asarar ɗan wasa a banza.

Kakanninmu da suka iya kaɗa wa namiji take har ya manta da mutuwa, su ne kuma suka tsayar da mai rabawa a tsakiyar fili. Mu da muka gaji kiɗan, mu nemo mai rabawar. Intahaus na gaba in an gayyace ku, kafin ku zauna a rumfa ku tambayi shugaban makaranta wa zai cafe yaron in ya faɗo.

Allah Ya tsare mana zuri'a, Ya ba marasa lafiya sauƙi. Amin.