"Ina Kake Lokacin da Ka Ji?": Gaskiyar Mai Labari da Ingancin Labarinsa

A Kano, duk majalisar da hira ta gangaro kan Juma'ar 20 ga Janairun 2012, ba a fara ta da adadin mamata ko da sunayen wuraren da aka kai wa hari. Kowa daga kansa yake farawa. Wannan yana Kantin Kwari yana shirin rufe shago, wancan yana bayan ɗan acaɓa a Titin Zariya, wata kuma tana tsakar gida ta ɗora sanwar dare. Mutum zai gaya maka rigar da ke jikinsa, da wanda ya fara kiran sa a waya, da kalmar da ta fara fita daga bakinsa bayan salati. In ka nuna alamar shakka sai ya rantse, kuma ba ƙarya yake yi ba.

Abin da tarihi ya tabbatar game da ranar a taƙaice yake. Da misalin ƙarfe biyar na yamma 'yan Boko Haram suka afka wa hedikwatar shiyya ta ɗaya ta 'yan sanda da ke Titin BUK, da hedikwatar 'yan sandan jiha a Bompai, da ofishin fasfo na Farm Centre, da ofishin jami'an tsaron farin kaya, da wasu caji ofis. 'Yan sanda sun ce mutum 185 ne suka rasu, cikinsu har da ɗan jaridar gidan talabijin na Channels, Enenche Akogwu. Aka kafa dokar hana fita ba dare ba rana, kwanaki kaɗan bayan janye yajin aikin cire tallafin mai. Sauran abin da ya faru a cikin gidaje da lunguna, a ƙirjin mutane yake ajiye. Hujjata a wannan maƙala ita ce, wannan ajiya ba ta tsaya yadda masu ita suke zato ba, tana sauyawa a hannunsu ba su sani ba, kuma wannan dalili ne na gaggauta rubuta ta da tace ta, ba na zubar da ita ba.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da lura da irin wannan tunawa. A 1977 Roger Brown da James Kulik na Jami'ar Harvard suka tambayi Amurkawa 80, rabi farare rabi baƙaƙe, yadda suka ji labarin wasu manyan kashe-kashe. Kusan dukkansu sun kawo cikakken bayanin inda suke sa'ad da aka harbe Shugaba Kennedy a 1963, bayan shekara goma sha uku. Sai masanan biyu suka ce ƙwaƙwalwa tana da wata hanya ta musamman da take ɗaukar lokacin firgici cak, kamar hoton da kyamara ta ɗauka da walƙiyar fitilarta. Sun kuma gano wani abu da ya fi wannan muhimmanci a wurina: kisan Martin Luther King na 1968 ya zauna daram a zukatan kashi uku cikin huɗu na baƙaƙen, amma a fararen kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai. Ashe ba girman lamari a jarida ne ke kafa shi a zuciya ba, kusancinsa da mutum ne.

Giɓin binciken nasu a fili yake. Sun karɓi labarin kowa yadda ya kawo shi, ba su da wani abin da za su gwada shi da shi. Ulric Neisser ne ya cike wannan giɓi. Kashegarin tarwatsewar kumbon Challenger a Janairun 1986, ya raba wa ɗalibai 106 na Jami'ar Emory takardar tambayoyi: ina kake, me kake yi, wa ya gaya maka. Bayan shekara biyu da rabi, shi da Nicole Harsch suka sake samun 44 daga cikinsu suka maimaita tambayoyin. Mutum 11 ba su dace da ko ɗaya daga manyan abubuwan da suka rubuta tun farko ba. Adadin masu cewa a talabijin suka fara jin labarin ya ninka. Duk da haka yaƙininsu bai girgiza ba. Da aka ajiye musu takardunsu na asali a gabansu, sun amince rubutun hannunsu ne, amma tsohon tunanin bai dawo musu ba.

Harin jiragen sama na 11 ga Satumban 2001 a Amurka, wanda ya ci rayuka 2,977, ya ba masana damar sake gwajin. Jennifer Talarico da David Rubin na Jami'ar Duke sun tara ɗalibai 54 kashegarin harin, suka sa kowa ya rubuta yadda ya ji labarin, ya kuma rubuta wani ƙaramin abu da ya same shi a 'yan kwanakin. Da aka sake tambayar su, wasu bayan mako ɗaya, wasu shida, wasu 32, sai aka ga labaran biyu suna zaizayewa da sauri iri ɗaya. Bambancin kawai, game da ƙaramin abin sun yarda cewa sun fara mantawa, amma game da harin suna jin kamar jiya aka yi. Kathy Pezdek kuma ta tarar kashi 73 cikin ɗari na waɗanda ta tambaya sun ce a ranar suka kalli hoton jirgi na farko yana dukan bene, alhali ba a nuna wannan hoton a lokacin da abin ke faruwa ba, na jirgi na biyu aka yi ta nunawa. Shi kansa Shugaba Bush ya faɗi haka a bainar jama'a a Disambar shekarar. Babban binciken da William Hirst ya jagoranta, wanda ya fara da mutum fiye da 3,000 ya bi su shekara goma, ya nuna cewa yawancin sauyin a shekarar farko yake faruwa. Daga nan sai labarin ya daskare a sabuwar surarsa, a ci gaba da ba da shi haka.

Na ga irin wannan a gidanmu. Wata gwaggona, mace mai kaifin tunani da har yau ba a kuskure mata lissafin adashi, tana ba da labarin 20 ga Janairu kamar haka: maza sun tafi masallacin Juma'a, ita tana kan tabarma tana tsince shinkafa a faranti, sai ta ji ƙarar da ta sa ƙofar langa-langa ta kaɗa, sai ta miƙe ba ɗankwali tana kiran sunan autanta da ya bi yayyensa masallaci. Na ce mata, "Gwaggo, ai wannan bayan la'asar aka yi shi, an daɗe da saukowa." Ta dube ni ta ce, "Kai ɗan nan, ni za ka gaya wa? Shinkafar nan a ƙasa ta zube, kaji suka cinye." Ban ƙara ba. Abin da take bayyanawa ya fi kama da 28 ga Nuwamban 2014, ranar da aka kai hari Babban Masallacin Juma'a na ƙofar gidan Sarki daidai lokacin tayar da salla, aka kashe mutum fiye da ɗari. Duka biyun Juma'a ne, duka biyun da hunturu, kuma a duka biyun yaronta ba ya gida. Zuciyarta ta haɗe ranakun biyu ta mayar da su ɗaya. Farantin shinkafar gaskiya ne, tashin hankalinta gaskiya ne, kwanan watan ne ya gurgusa.

Akwai suka biyu da ya kamata a saurara. Ta farko, za a ce duk waɗannan jiyau ne, ganau dabam yake. Wannan magana tana da tushe. Neisser da abokan aikinsa sun bibiyi mutanen da girgizar ƙasar Kalifoniya ta 1989 ta rutsa da su, suka tarar bayan shekara ɗaya da rabi labarinsu bai sauya ba sai kaɗan, saɓanin ɗaliban Atlanta da suka ji daga nesa. Don haka wanda yake Bompai harsashi na wucewa ta kansa ba a auna shi da mudu ɗaya da wanda ya ji a rediyo daga Zinder. Sai dai mafi yawan Kanawa a ranar suna tsakani ne: sun ji ƙara da kunnensu, sun hango hayaƙi, amma ma'anar abin daga waya da rediyo da bakin maƙwabta suka samo ta. Irin wannan mutum yana ɗaukar kansa ganau a kan dukkan labarin, alhali rabinsa ji ya yi.

Suka ta biyu ta fi shiga raina. Za a ce ɗaliban Amurka ne aka gwada, mu kuwa al'umma ce ta hadda, wadda yaro ɗan shekara goma sha biyu ke riƙe izu sittin a ka. Amma a duba yadda hadda take tsayuwa. Akwai nassi kafaffe a allo da mus'hafi, akwai malam da ke zaune yana jiran tuntuɓe, akwai tilawar da kullum ake komar da ita ga asali. Maimaitawa a tsangaya gyara take yi domin akwai abin komawa. Labarin ranar hari ba shi da allo. Duk sa'ad da aka ba da shi a majalisa, yana ɗaukar wani abu daga bakin na kusa, daga bidiyon da ya zagaya a waya, daga abin da aka fahimta daga baya, kuma ba mai cewa "koma".

Abin da ya ba ni ƙarfin gwiwa shi ne, ba sai mun aro ma'auni daga waje ba. Malaman hadisi sun raba abu biyu da mu muke cakuɗawa a hira: adalcin mai ruwaya, wato gaskiyarsa da tsoron Allahnsa, da kuma kiyayewarsa, wato iya riƙe abin da ya ji ba ragi ba ƙari. Ibnus Salah ya sa su sharuɗɗa biyu dabam-dabam na ingancin hadisi. Ibnu Hajar yana da matsayi na musamman ga mutumin da yake mai gaskiya amma yana kuskure. Sun kuma bambanta kiyayewar ƙirji da kiyayewar littafi. Abdullahi bin Lahi'a, alƙalin Masar, babban malami ne, amma da littattafansa suka ƙone ya koma ba da hadisi da ka, sai masana suka riƙa fifita abin da aka ɗauka daga gare shi kafin gobarar. Ba su ce maƙaryaci ba ne, ba su kuma yar da ruwayarsa kacokan ba. Sun tambayi yaushe aka ji daga gare shi, suka nemi wasu hanyoyin da za su ƙarfafa ta. Da wannan idon ya kamata masanin tarihi ya dubi gwaggona.

Wurin da ya fi wuyar taɓawa shi ne abin da muka ji a zuci. Binciken Hirst ya nuna cewa mutane sun fi kuskure wajen tuna halin da zuciyarsu ta shiga fiye da tuna inda suke, domin suna shafa wa ranar launin yadda suke ji a yau. A ranar 11 ga Satumban 2001, jirgi na farko ya daki benen New York da ƙarfe 1:46 na rana agogon Najeriya da Nijar, lokacin azahar. Wayar salula ba ta riga ta yaɗu a Najeriya ba, galibi ta rediyo aka ji, ko a gaban talabijin mai tauraron ɗan Adam a gidan wani mai hali. A wancan makon Jos na ci da wuta tun 7 ga wata, kuma ga mai ɗan'uwa a can, New York labari na biyu ne. Amma mun san abin da ya biyo baya. Hotunan Usama bin Laden sun hau gilashin motocin haya, sunan ya yawaita a wuraren raɗin suna, kuma zanga-zangar adawa da harin Amurka kan Afghanistan a Oktoban shekarar ta rikiɗe ta zama tarzoma a Kano, aka rasa rayuka. Ba kowa ne ya yi murna ba, malamai da dama da talakawa sun yi tir tun a ranar. Sai dai yau, bayan hare-haren Bompai da Masallacin Juma'a da tashar motar Sabon Gari, da wuya ka sami wanda zai tuna cewa shi ya yi murna. Ba na zargin kowa da ɓoye gaskiya. Na yarda da gaske suke tuna alhini. Amma idan kowa ya tuna cewa tun farko haka yake ji, to mun rasa tarihin yadda ra'ayinmu ya juya, da irin kuɗin da muka biya da jini kafin ya juya, kuma yaran da aka haifa bayan 2012 suna da haƙƙin sanin wannan.

An taɓa yin abin da nake kira a yi. Kashegarin harin Pearl Harbor a Disambar 1941, Alan Lomax na Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya aika wa masu tattara adabin baka saƙo su fita titi su naɗi muryoyin talakawa, kuma laburaren ya maimaita haka a Satumban 2001. Mu damar kashegari ta wuce mu, amma ba duka aka rasa ba. Akwai saƙonnin waya, da rubuce-rubucen Facebook na daren, da shirye-shiryen gidajen rediyo, da rajistar asibitoci, waɗanda za su iya tsayawa a matsayin littafin da ake gwada ƙirji da shi. Gidan Mambayya da Gidan Ɗan Hausa a Kano da Arewa House a Kaduna wurare ne da suka dace da irin wannan ajiya, ɗaliban tarihi da na Hausa kuma suna iya aikin. Mai naɗar hira ya rubuta ranar da ya yi ta, ya tambayi mai labari abin da ya gani da idonsa da abin da aka gaya masa, da wanda ya gaya masa, da ko ya kalli bidiyon abin daga baya. Ya shiga cikin gida wurin mata, domin majalisar ƙofar gida ta maza ce, kuma labarin da aka fi maimaitawa a can shi ne ya fi gogewa. Kada ya gyara wa wadda ta rasa ɗa ko miji kwanan wata a gabanta. Ya naɗi maganarta yadda ta faɗe ta, gyaran ya tafi gefen takarda, sannan a koma mata bayan shekara biyu ko uku da tambayoyin nan dai.