Tseren hawa Dutsen Kamaru

A kowace shekara, galibi cikin watan Fabrairu, ɗaruruwan 'yan tsere maza da mata kan hallara a garin Buea da ke Kudu maso Yammacin Kamaru, domin gasar gudu ta hawa Dutsen Kamaru.

A shekarar 1973 aka soma gasar, inda kamfanin barasa na Guinness ya riƙa ɗaukar nauyinta. Daga shekarar 1996 ne aka sauya mata suna zuwa Race of Hope, wato tseren kyakkyawan fata.

Ana tashi ne daga filin wasa na Molyko, a hau har ƙololuwar dutsen, sannan a komo inda aka faro. Tsawon hanyar, tafiya da dawowa, ya kai kimanin kilomita 38.

Sai dai wahalar gasar ba a nisan take ba. Dutsen ya haura mita 4,000 a tsayi, kuma shi ne mafi tsawo a Kamaru. Ɗan tsere kan bar garin cikin zafi, ya ratsa kurmi, ya fita fili mai ciyawa, kafin ya kai inda babu komai sai baƙaƙen duwatsu da matsanancin sanyi, ga kuma ƙarancin iskar shaƙa. A wasu wuraren gudu ba ya yiwuwa, tilas sai an dafa ƙasa.

Saukowar ma na da nata haɗarin, domin tsakuwa na zamewa ƙarƙashin ƙafa. Dutsen dai mai aman wuta ne, ya kuma yi aman a shekarun 1999 da 2000.

Zakarun maza kan kammala cikin sa'o'i huɗu da wani abu.

Wadda ta fi kowa suna a tarihin gasar ita ce Sarah Etonge, uwar 'ya'ya bakwai, wadda ta zo ta ɗaya a rukunin mata har sau bakwai tsakanin 1996 da 2005, abin da ya sa ake mata laƙabi da Sarauniyar Dutse.

Rikicin 'yan aware a yankunan Kamaru masu amfani da Turancin Ingilishi bai bar gasar ba. A watan Fabrairun 2023, wasu abubuwa sun fashe a kan hanyar tseren jim kaɗan bayan farawa, inda suka raunata mutane da dama, cikinsu har da 'yan tsere.