Sayen Makami da Riƙonsa: Darasi Daga Tarihin Jiragen Yaƙin Nijeriya

A zamanin da doki yake babban makamin yaƙi a ƙasar Hausa, sarakuna sun san cewa kuɗin da aka biya ranar ciniki su ne mafi ƙanƙanta cikin abin da doki zai ci. Kullum yana bukatar dawa da harawa da kanwa, da yaron da zai yanko masa ciyawa. Sirdi da linzami da lifidi suna tsufa a sake su. In kuwa ya mutu a nemi wani. Don haka ne aka naɗa Shamaki a fada, aka danƙa masa barga. Sarkin da ya tara dawakin da rumbunansa ba za su iya ci da su ba, ranar da aka buga tambarin yaƙi sai ya tarar da ramammu a turke.

Wannan lissafi bai sake ba da makamai suka koma na ƙarfe da injuna. Tun cikin shekarun 1960 Ma'aikatar Tsaro ta Amurka ta fara auna makami da abin da zai ci tsawon rayuwarsa, watau kuɗin bincike da ƙira, da na saye, da na aiki da gyara, da na kawar da shi in ya ƙare. Masu binciken kuɗin gwamnatin ƙasar sun sha bayyana cewa aiki da gyara kaɗai kan cinye kusan kashi 70 cikin ɗari na jimlar. Tarihin sojan Nijeriya ya nuna abin da kan faru in aka manta da wannan kaso mafi girma.

Bayan yaƙin basasa ya ƙare a 1970, kuɗin man fetur suka cika baitulmali, gwamnati ta shiga sabunta kayan soja. A 1975 aka fara karɓar jiragen MiG-21 daga Tarayyar Sobiyet. A farkon shekarun 1980 aka kawo Alpha Jet, ƙirar Faransa da Jamus ta Yamma. A 1983, zamanin Shugaba Shehu Shagari, aka yi odar jiragen Jaguar 18 daga Ingila, suka fara isowa a 1984. Daɗin daɗawa, aka sayo MB-339 daga Italiya da L-39 daga Cakoslobakiya don koyar da matuƙa. Kowane iri yana da nasa injin, da nasa kayan gyara, da nasa makanikai da sai an tura ƙasar da ta ƙera shi su koyo aiki. Ashe kowane sabon iri sabuwar barga ce da za a ci da ita.

Jaguar jirgi ne mai injuna biyu, mai gudun da ya wuce na sauti, kuma kusan duk abin da ya lalace a jikinsa sai an sayo da kuɗin waje. To, a 1986 farashin gangar mai, wanda ya haura dala 30 a 1980, ya faɗo ƙasa da dala 15. A shekarar ce kuma gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta soma shirin gyara tattalin arziki, aka karya darajar naira. A 1985 naira ta ɗan fi dala. Zuwa 1991 sai da kusan naira 10 ake samun dala ɗaya. Ma'ana, ko da masu ƙira ba su ƙara ko kwabo ba, kayan gyara sun ninka tsada wajen sau goma ga ma'aikatar da ake yi wa kasafi da naira. A farkon shekarun 1990 aka ajiye jiragen Jaguar, ba su cika shekara goma suna tashi ba, kuma ba su sake komawa aiki ba.

Mayaƙan ruwa ma sun ɗanɗana irin wannan. Babban jirginsu mai suna Aradu, wanda kamfanin Blohm + Voss ya ƙera a Hambug, ya fara aiki a 1982, ɗauke da makamai masu linzami da wurin saukar jirgi mai saukar ungulu. Irin wannan jirgi yana bukatar a riƙa fitar da shi daga ruwa a kan kari ana yi masa babban gyara. Da gyaran ya riƙa jinkiri, sai zamansa a tasha ya fi tafiyarsa a teku yawa, ko da yake ya kai Ingila a 2005 don bikin cika shekara 200 da yaƙin Tarafalga.

Ban da kuɗi akwai siyasa. Bayan soke zaɓen 12 ga Yuni 1993, da rataye Ken Saro-Wiwa da mutum takwas a 1995, ƙasashen Turai sun hana sayar wa Nijeriya makamai har zuwa 1999. Wanda ya sayi jirgi daga wata ƙasa, ya ɗaura igiyarsa ne a turken ƙasar nan har ranar da jirgin zai daina tashi.

Abin lura shi ne, Alpha Jet, wanda ya fi sauƙin ƙira da sauƙin riƙo, shi ne ya yi aikin rundunar ECOMOG a Laberiya da Saliyo cikin shekarun 1990, shi ne kuma aka koma kansa bayan rikicin Boko Haram ya ɓarke a 2009. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Sojan da ke cikin rami a daji ba ya tambayar jirage nawa ke rubuce a littafi. Wanda zai iya tashi a ranar shi ne nasa. Da aka zo sayen jiragen Super Tucano 12 daga Amurka, waɗanda suka iso a 2021, kuɗin cinikin, kusan dala miliyan 500, sun haɗa da horo da kayan gyara da albarusai.

Saboda haka ma'aikacin da aka ajiye wa fayil na sayen makami, a Ma'aikatar Tsaro ko ta Kuɗi, yana da tambayoyin da suka wajaba kafin ya sa hannu. Nawa sa'a ɗaya ta tashi za ta ci? Da wane kuɗi za a biya kayan gyara, in naira ta faɗi kuma fa? Wane ɓangare na gyaran za a iya yi a gida? Wa zai iya hana kayan, kuma in ya hana ina za a nufa? Gwamnatin da ta yi ciniki takan shuɗe cikin 'yan shekaru, amma jirgin yana nan shekara 30 yana jiran abincinsa daga kasafin waɗanda suka gaje ta.